Tsvetan da Kwamfutocinsa Biyu

Yayana Tsvetan bai san zama ba. Shi ke kula da manyan kwamfutoci biyu masu riƙe da fayilolin wani kamfani a Plovdiv. In ɗaya ta tsaya, ɗayar ta karɓi aikin.

Ko ranar tsinkar inabi a ƙauyenmu, almakashi a dama, waya a hagu. Wannan ta kasa buɗe fayil, wancan ya goge na abokinsa. Sai zarya yake cikin gona yana neman sabis.

Mama ta dire kwando. "Kai Tsvetan, ba ka ce in ɗaya ta faɗi 'yar'uwarta na nan ba?"

"Haka ne, Mama."

"To kai in ka faɗi fa?"

Ya buɗe baki ke nan, wayar ta sake ƙara.