Ƙulli a Jar Waya

Shekara talatin da ɗoriya Baba Mai Azurfa ya yi a shagon nan na ƙarƙashin bene, shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Sana'arsa mayar da tsohon abu sabo. A kawo masa cokali ko zobe da ya koɗe, ya wanke shi tas, ya rataya shi cikin kwanon gilashi mai ruwan magani, ya rataya 'yar sandar azurfa a ɗaya gefen. Jar waya daga batir ta kama sandar, baƙa ta kama zoben. Shi ke nan, azurfa ta riƙa barin sandar tana bin ruwa tana lulluɓe zoben.

Autarsa, wadda ta yi karatun kimiyya, takan ce, "Baba, anod da katod fa ake ce musu."

"Ku kuka san wannan," in ji shi. "Ni mai bayarwa da mai karɓa na sani. Na jikin ja shi ke ramewa, na jikin baƙa ya yi ƙiba."

Mutum ne mai taurin kai, Allah Ya sani. Da idonsa ya fara hazo bayan rasuwar mai ɗakinsa, ko tari bai yi wa kowa ba. Ja da baƙi suka zame masa abu guda a duhun shago, sai ya yi dabara: ya ƙulla jar wayar kusa da bakinta. Ya lalubo ƙulli, ya san ja ke nan. Shekara biyu yana haka, babu wanda ya gane.

Da Auta ta sami aikin koyarwa, ta zo masa da sarƙar mahaifiyarta a ƙunshe cikin hankici. Siririya ce kamar zare, ta yi baƙi. Ita kaɗai ta rage daga kayan marigayiyar, kuma da ita ya fara gwada hannunsa a wannan sana'a, suna sabon aure.

"Baba, ita nake so in sa ranar da zan fara shiga aji."

Ya ɗaga mata kai, ya karɓi hankicin.

Washegari da safe, kafin ya iso, ta share masa shago. Ta ga wayoyinsa duk sun tsattsage, ta sayo sababbi ta sa masa. Har ƙullin nan ta mayar, don ta ɗauka rage tsawo yake yi da shi.

Ya zo ya yi ta sa mata albarka. Ya lalubo ƙulli, ya maƙala sandar azurfa, ɗaya wayar ya maƙala sarƙa. Ya ce wannan ba aikin kasuwa ba ne, sai ta sha azurfa ta ƙoshi. Ya bar ta tun hantsi har bayan azahar.

Da ya ɗago wayar, sai ya ji babu nauyi. Guntun da bai kai ɗan yatsa ba ne ke lilo. Ya zura hantsaki cikin ruwan yana lalube, babu komai sai ɗan gari a ƙasa. Ya taɓa sandar, ta yi kauri, ta yi kaushi. Wayyo, sarƙar ce ta yi ta bayarwa tun safe.

Ya fito bakin ƙofa, ya kai wayar dab da idonsa a hasken rana. Ƙullin na jikin baƙa. Nan ya zauna a dandamali, dattijo guda, hawaye na bin gemunsa, masu wucewa na kallo. Ji ya yi kamar yau aka fita da gawar mai ɗakinsa.

Da la'asar Auta ta iso da fara'arta. Ya buɗe tafin hannunsa. Ta kalli guntun, ta ce, "Baba, garin yaya?" Sai idonta ya kai kan sababbin wayoyin. "Ko wayoyin da na sa ne?"

"Wayoyinki lafiyarsu ƙalau," ya ce da sauri. "Ni ne. Ba na gani, Auta. Shekara biyu ke nan ba na gani."

Tana kuka a kafaɗarsa, shi kuwa hannunsa na baya, yana kwance ƙullin a hankali don kada ta taɓa sani.