Ranar da Baba Ya Nome Ciyawar Baturiya

Shekarun baya likita ya ce jinin mahaifinmu ya hau sosai, in bai huta ba komai na iya faruwa. Mu 'yan Faskari ne, kuma Baba irin manoman nan ne da ko Sallah ta faɗo da damina, daga Idi gona yake zarcewa. Na san muddin yana hango masararsa ba zai zauna ba. Sai na haɗa baki da ƙanena da ke aiki a Italiya, mu kai shi hutu can a tsakiyar damina, har da mahaifiyata da yarana.

Ni fa in na kafe, na kafe. Baba ya ce wane mai hankali ne ke barin gari lokacin maimai, wato noma na biyu, na ce ƙannensa za su kula da gonar. Duk hanyar da ya ɓullo sai na toshe, har ya hau jirgi yana ƙunƙuni.

Saman gidan wata tsohuwar Baturiya muka kama haya, ita tana ƙasa, a bakin wani babban tafki da duwatsu suka kewaye. Yara na ta shiga kwalekwale, ni kuma na dasa wa Baba kujera na ce ya kalli ruwa. Ya kalla kuwa. Amma ya daina fira, abinci sai ya taɓa ya ture, in na auna jinin yana nan inda yake. Tsoro ya fara kama ni.

Wata safiya na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Ina leƙowa na ga Baba da wata 'yar hauya da ya samo a ɗakin ajiya, ya nome rabin koriyar ciyawar ƙofar gidan tas, har ya fara tayar da kunyoyin shuka.

"Uwata," haka yake kirana, "matar ga ta tsuhwa, ba ta da mai yi mata noma. Mu kwana gidanta mu bar mata haki har bakin ƙohwa?"

Tsohuwar na fitowa ta ɗora hannu a ka. Ƙanena ya yi wa Baba bayanin cewa shuka ciyawar ake yi, har ban ruwa ake mata don ado. Kunya ta kama shi, ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Na ce a'a, za mu nemo ma'aikata, ya koma kujerarsa. Ya dube ni ya ce, "In huta kika kawo ni, ko in mutu a zaune?"

Sai na ƙyale shi. Tsohuwar ta kawo iri, Baba ya baje ƙasar, ya yafa, kullum safe yana ban ruwa. Da ta huce, ita ta hana shi rushe kunyar ƙarshe, ta kawo dashen tumatir suka dasa tare, kowa na yarensa. Ya koma cin abinci har da neman ƙari. Maganinsa dai bai fasa sha ba, amma a makon ne jinin ya fara sauka.

Har yau abin na taɓa min zuciya. Na dage sai na tsawaita masa rai, ban taɓa tambayarsa me yake so ya yi da ran ba. Ranar da muka dawo Faskari, ko kaya ba mu sauke ba, ni da kaina na ce wa direba ya fara biyawa da mu ta gona.