Kawu Gado da gonar cikin inji

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗakin karatunmu na bayan kasuwar Filinge ya san ba a wuce bakin ƙofa sai an miƙa wa Kawu Gado hannu biyu. Ba don gaisuwa ba, don bincike. Zai duba tafin, ya juya bayan, ya kai hanci ya shinshina. In ya ji man ƙuli-ƙuli ko yajin tsire, sai ya nuna maka buta da guntun sabulun da ya yanka da reza, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ku da kuka san shi kuna dariya yanzu, na sani. Ni kuwa ƙanen uwata ne, kuma shekara shida na yi ina aiki a ƙarƙashinsa, don haka ban cika samun sararin dariya ba.

Tsohon mushe ne, wato malamin boko, ya yi shekara talatin yana koyarwa a lakkol, makarantar gwamnati, kafin ya huta ya karɓi makullin ɗakin. Ɗakin ma aro ne, na Alhaji Tanko mai hatsi. Da na ga masu zuwa suna raguwa, kuma Alhaji ya fara leƙowa yana auna bango da ido, sai na rubuta wa wani purje, wato ƙungiyar ba da tallafi, a Yamai takarda. Allah Ya sa suka amsa. Bayan kaka suka kawo ordinatar, wato kwamfuta, guda uku, da pano na hasken rana, da bidiyoyi, da wasanni, da wani abu kamar tabarau mai kauri da ake ɗaurawa a fuska. Amma da sharaɗi: farkon damina wata madam za ta zo ta ga ko mutane na amfani da kayan. In ba sa yi, a kwashe a kai wani gari. Alhaji kuma ya faɗa mini a fili cewa ranar da kayan suka fita, buhunansa za su shiga.

Ran da aka kawo su, Kawu ya zagaya su sau uku, hannu a baya. Sai ya aika gida aka kawo zanen Inna Hajo, matarsa, ya lulluɓe su.

Na ce, "Kawu, ai don a yi aiki da su anka kawo su."

Ya ce, "A hankali, Rabi. Abin ba namu ba na."

Wannan magana na ji ta ya fi sau dubu. In zafi ya yi, ga shi tsaye da mafici yana fifita ordinatar, shi kuwa gumi na tsiyaya daga gemunsa. In yaro ya danna da ƙarfi, sai ka ji daga can lungu, "Kai! Abin ba namu ba na!"

Wata Laraba matan unguwa suka zo kallon bidiyon da ke nuna yadda ake ajiye wake a buhu kada ƙwari su ci. Suka kalla, rabinsu ba su gane ba, suka ce a maimaita. Kawu ya tsaya gaban inji ya buɗe hannuwa.

"Kun kalle shi yanzu. In kunka sake, koɗewa za shi yi."

Inna Hassu mai fura ta ce, "Mushe, mu da ba mu gane ba hwa?"

"Ku tambayi wadda tag gane. Bidiyo shi huta sai gobe."

Na ja shi gefe, na ce masa wannan ba kaset ba ne, ko sau dubu aka kalla ba abin da zai same shi. Ya dube ni da tausayi, kamar ni ce aka cuta, ya ce, "Ɗiyata, hwaɗa mani abu guda cikin duniya da aka amfani da shi bai ƙarewa. Guda tak." Matan suka tafi suna tsaki, ni kuma na bi su har bakin titi ina ba da haƙuri.

Tabarau kuwa wata biyu yana cikin kabad a kulle. Da na matsa, ya ce shi zai fara sawa kafin ɗan kowa. Na ɗaura masa, na buɗe masa wani babban ɗakin karatu na ƙasar waje, irin wanda kake jin kamar kana tsaye a cikinsa. Sai muka ga ya tuɓe takalma, ya yi sallama a hankali, ya ɗaga kai sama baki buɗe.

"Iko sai Allah! Rabi, har rufi littattafai na!"

Can sai fuskarsa ta canza. "Wa ka riƙon makullin wurin ga? An bar taga buɗe! Ga littahi an yasar bisa tebur!" Ya miƙa hannu zai mayar da littafin mutane wurinsa, ya yi taku biyu, ya ture randar ruwanmu. Da na cire masa abin, yana tsaye cikin ruwa har idon sawu, abin da ya fara cewa shi ne a rubuta wa mai wurin a gaya masa.

Washegari ya zo da igiyar guga. Duk wanda zai sa tabarau sai an ɗaura masa ita a ƙugu, Kawu na riƙe da bakinta kamar yadda ake riƙe mai shiga rijiya. Na ce, "Kawu, don Allah, ai yaron na nan gabanka!" Ya ce, "Jikinai na nan. In shi ya ɓace can ciki, mi za ni ce ma uwatai?" Minti biyar na cika sai ya ja igiya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya kusa kashe ni shi ne gona.

Cikin wasannin, na faɗa da na tseren mota duk ya hana. Guda ɗaya ya bari, na noma: kana da gona cikin inji, ka shuka, ka girbe, ka cika rumbu. Ƴan kolej suka kamu da shi, maza da mata, har layi suke yi bayan an tashi lakkol. Hankalina ya fara kwanciya. Sai wata rana tsakiyar bazara Kawu ya tsaya bayan wata yarinya yana kallo, ya ga ta zuba iri.

"Ke! Mi kika yi?"

"Shibka nika yi, Mushe."

Ya je ƙofa ya leƙa sama, ba ko ɗigon girgije. Ya dawo ya ce daga yau ba mai sake shuka a ɗakin nan sai ruwan farko ya sauka a Filinge, an tona ƙasa an ga ya kai tsawon hannu.

Na ce, "Kawu, gonar cikin inji ta hwa!"

Ya ce, "Gona gona ta. In sunka saba zuba iri ba ruwa, ranar da sunka gaji gonar ubansu haka za su yi, su kashe gida da yunwa. Ba a gabana ba."

Ba shuka, ba wasa. Yaran suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kuma kun tuna yadda ruwa ya makara a shekarar. Duk ƙasarmu ta Kurfai ido na sama saboda hatsi, ni ma idona na sama, amma kunya ta hana ni faɗin dalili. Kowace safiya sai na fito na dubi gabas. In iska ta kaɗa sai in sa rai, in ta lafa sai in ji kamar in yi kuka. Abinci ya daina shiga. Alhaji Tanko kuwa ya fara gaishe ni da fara'ar da ba na so. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa madam na tafe nan da kwana goma.

Na roƙi Kawu, na yi fushi, na kai ƙara wurin Inna Hajo, duk a banza. Sai ranar nan ina shara dabara ta faɗo mini. Shi kansa a gonarsa ta jigawa yakan yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa ya same shi a ciki.

"Kawu, to a yi binne mana."

Ya ajiye littafin da ke hannunsa. Ya daɗe yana shafa gemu. Na ce a raina, yau na kama shi.

"Binne ba shawarar mutum guda ba ta," in ji shi. "Sai an kira dattawa."

Ya kuwa kira su. Kuma cikin duk ranakun Allah, ranar da ya sa musu ita ce ranar zuwan madam. Na ce ya canza, ya ce ya riga ya aika goro.

Ranar ban iya karyawa ba. Da hantsi dattawa goma sha ɗaya suka zo da sandunansu, suka ƙi kujeru, aka shimfiɗa musu tabarma gaban ordinatar. Jikokinsu suka biyo su don ganin ikon Allah, ɗakin ya cika har taga. Motar madam ta tsaya. Bazabarma ce, doguwa, ba ta da yawan murmushi. Ta ce fofo, gaisuwarsu ta Zabarmawa, ta miƙa ƙafa za ta shiga, Kawu ya ce ta kawo hannu. Ashe ta tsaya cin nama a Baleyara. Ina ji ina gani aka nuna wa madam buta.

Ta shigo ta tarar ana musu. Baba Illo, wanda ya fi kowa tsufa, ya sa an matso masa da hoton gonar har hancinsa na taɓa gilashi.

"Wagga ƙasa jigawa ta ko hwadama?"

Yaran suka ce ba su sani ba.

"Ba ku sani ba, kuma kuna shibka? Akwai zabi kusa? Akwai ɓeraye?"

Baba Ango ya ce shi bai yarda da binne ba ko a mafarki, don in yayyafi ya taɓa iri ya tsira sannan ruwa ya ɗauke, an yi asara biyu. Baba Illo ya ce Ango tun yana saurayi matsoraci ne. Aka yi ca. Yara suna ta juya gonar a inji, ana cewa su nuna gabas, su nuna inda ruwa ke kwanciya.

Madam ta buɗe littafinta ta tambayi Kawu, "Mushe, mutum nawa ke wannan wasa a rana?"

Na buɗe baki, ya riga ni. "Ko guda, Madam. Wata biyu ke nan da nih hana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta dube shi, ta dube ni, ta rubuta wani abu mai tsawo. Ta zauna awa biyu tana kallo, har dattawa suka yanke hukunci: a binne rabin gona, rabi ya jira ruwa. Aka shafa fatiha, wata yarinya ta danna, iri ya zuba. Madam ta tashi ta ce za mu ji daga gare su, motarta ta ɗauki hanyar Yamai.

Kwana uku ban yi wa Kawu magana ba, gaisuwa kawai. Wannan yana cikin abubuwan da nake nadama.

Ruwa ya sauka bayan mako guda, ya ba da izinin shuka sauran rabin, yara suka dawo. Amma takarda ba ta zo ba. Wata ya wuce, na biyu ya kama. Ana noman farko zazzaɓi ya kwantar da shi, bai sake tashi ba. Kullum in na rufe ɗakin karatu na biya gidansa da la'asar, kafin in gama sallama zai ce, "Takarda ta zo?" In ce tukuna. Sai ya juya fuska bango.

Wata rana ya ce in ɗauko biro. Ya ce in rubuta wa madam cewa taurin kan tsoho ne, yarinyar ba ta da laifi, yaran gari ma ba su da laifi. In wani za a cire, a cire shi, a bar kayan. Ina rubutu hawaye na ɗiga a takardar. A nan na gane ashe duk watannin nan ba ni kaɗai ce ba na barci ba. Ya sa hannu da ƙyar, ya ce, "Rabi, in sunka kwashe, ni nij ja miki. Ki yahe mani." Na ce ba abin da ya yi mini. Ya ce, "Ƙarya kika yi, amma na gode."

Kwana huɗu bayan nan Allah Ya karɓi abinsa.

Amsar ta zo kwana goma sha ɗaya bayan rasuwarsa. Kayan sun zauna. Madam ta ƙara da cewa suna so a ɗauki dattawan nan bidiyo suna bayanin binne, a aika wa sauran ɗakunan karatu. Na rufe ɗakin da rana tsaka, na tafi gidan da gudu, mayafi na faɗuwa. Na tarar da Inna Hajo zaune kan tabarmar takaba a ƙofar ɗakinsa. Ta ce in karanta. Na fara karantawa ina fassara mata ƙasa-ƙasa. Sai ta taɓa ƙafata, ta nuna ɗakin da haɓa.

"Ƙara murya, Rabi. Kin san kwanan nan bai ji sosai."

Na ƙara murya, na karanta har ƙarshe.

Allah Ya jiƙan Kawu Gado, Ya yafe masa kurakuransa. Ya tafi da fargaba a zuciyarsa saboda ƴaƴan mutane. Ya Allah Ka cire masa ita, Ka kwantar masa da hankali a inda yake. Amin.