Jikokin Baturen Kuza

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na ɓata da ƙanena, kuma ba ni na fara ba.

Ni 'yar kasuwa ce. Jakunkunan mata nake sarowa a Shiling, kusa da Guangzhou, in kai Kano, sau uku ko huɗu a shekara. Shi kuwa autanmu a Guangzhou yake zaune, yana da ofishin kago, wato na tura kaya gida, a hawa na tara na wani dogon bene a Xiaobei. Ofis dai sunansa ofis: tebur ɗaya, sikeli, kujerun roba huɗu, sai buhuna har sama. A nan 'yan Kano da 'yan Maraɗi suke ajiye kaya, su sha shayi, su yi gulmar wanda bai zo ba. Iyalinsa suna gida, don haka in na shigo gari a gidansa na Panyu nake sauka.

Zuwan da na yi a tsakiyar zafin shekarar, ina shiga ofis na ga taswira a bango, daidai inda takardar farashin kilo take a da. Wani tsibiri ne kore, an zagaye wani gefensa da jan biro. Na tambaye shi ko sabuwar hanyar jirgin ruwa aka buɗe.

"Ailan ce, Yaya," in ji shi. "Makaranta na shiga."

Mutum mai shekara arba'in da ɗaya, da furfura a gemu, wai ya koma ɗalibi ta intanet. Adabin mutanen Ailan yake karanta, waƙoƙinsu da labaransu. Ana turo masa abin karatu daga can, ya yi rubutu ya aika, wata malama ta duba ta mayar masa. Yawancin 'yan ajin tsofaffin Amurkawa ne masu neman asalinsu. Da lissafin kasuwanci ya shiga, ko yaren Sin, da na sa masa albarka. Shekara shida yana ƙasar, abin da ya iya bai wuce "lawban" da "meyo" ba, wato maigida da babu.

Ban tambaye shi me ya sa Ailan ba. Na sani.

Mahaifin Ummanmu Bature ne, mutumin Ailan, ɗaya daga cikin masu kula da haƙar kuza a kusa da Bukuru. Kakarmu tana budurwa ta yi aikin wanki a gidansa. Ba a ɗaura aure ba. Umma tana da shekara biyar ya koma ƙasarsu, ya bar musu gadon ƙarfe da butar shayi, ya tafi da karensa. Daga baya Kaka ta auri wani mahauci mutumin kirki, ya riƙe Umma kamar shi ya haife ta. Duk wanda ya tambayi farin fatarmu sai a ce masa jinin Buzaye ne na wajen Agadas, ya gyaɗa kai ya wuce.

Ni ce 'yar fari, kuma tun daga yaye aka kai ni ɗakin Kaka, ban dawo ba sai da aka zo kai ni gidan miji. A kan gadon ƙarfen nan na girma. Sau ɗaya tak Kaka ta ba ni labarin, ina aji uku na sakandare, ranar da na fasa wa wata yarinya baki don ta ce da ni jikar shege. Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Ta faɗa mini komai, ba ta ambaci sunan mutumin ba, sannan ta ce, "Uwarki ba ta son zancen. Ki tsare mata." Na kuwa tsare. Shekara talatin babu wanda ya isa ya ɗauko maganar a gabana, har mijina. Ita Umma ba ta taɓa ce mini uffan a kai ba, na ɗauka ciwon ne ya yi mata yawa.

Ga shi yanzu autanta ya manna abin a bango, a ofishin da labari ke riga kontena isa Kano.

Washegari muka tafi Shiling a motar haya. Garin ya canja a wannan shekara. Biza ta yi wuya, 'yan sanda na tsayar da baƙar fata a bakin tashar jirgin ƙasa suna duba fasfo, mutanenmu da yawa sun tattara sun tafi. Kowa hankalinsa na kan takardunsa, amma shi gogan naku littafi ya buɗe a cinya. Ya karanta mini wata waƙa da Turanci, wai wani manomi ne ke kallon gonar da zai bari. Ya ce in ji yadda ta yi kama da zancen mutanenmu. Ya ce ai su ma Ingilishi sun mulke su, sun ƙwace musu gonaki, yunwa ta kore su duniya, har harshensu ya kusa mutuwa.

"Sai suka zo suka huce a kan Kaka," na ce.

"Yaya, ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Yunwa ta koro shi, amma ya samu kuɗin jirgin kare."

Ya rufe littafin. Direban, wanda ba ya jin ko kalma ɗaya, ya ƙara muryar rediyo. A kasuwar fata ranar na yi wa wata mai shago masifa a kan zik ɗin da ba shi da laifin komai.

Na yi masa magana ta hankali, kada a ce ban yi ba. Na ce ya yi karatunsa in ya ga dama, ya karanta waƙoƙin duk duniya, amma ya cire taswirar, kuma kada ya kuskura ya tayar wa Umma da zancen. Tsohuwa ce mai hawan jini, a unguwa ana girmama ta, ita ake kira wankan jarirai da sasanta ma'aurata. Ya ce to. Irin "to" ɗin nan nasa na san shi tun yana cin ƙasa, ba ya nufin komai.

Bayan kwana uku ina ofis ina lissafa katan, sai ga wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sarin atamfa, da wasu 'yan Kano biyu. Alhajin mutum ne mai son tambaya. Ya tsaya gaban taswirar da kofin shayinsa ya ce wace ƙasa ce wagga. Na ɗaga kai na kalli ƙanena. Ya ga kallon sarai.

"Ƙasar kakana ce, Alhaji. Wanda ya haifi mahaifiyarmu."

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Ashe jikokin Nasara muke ba kayanmu. To ina anka ɗarma armen, nan gida ko can wajensu?"

Ban sani ba ko da gangan ya tambayi inda aka ɗaura auren, ko kuwa bakinsa ne kawai. 'Yan Kanon nan biyu suka kasa kunne irin na masu haddacewa. Ƙanena ya buɗe baki, na riga shi. Na ce Alhaji ya yi haƙuri, yaron nan karatu ne ya taɓa masa kai, gobe ma yana iya cewa Sarkin Sin ne kakansa. Aka yi dariya, amma ba irin wadda nake so ba.

Suna fita na tashi na fizge taswirar. A ƙarƙashin sikeli kuma na ga wasu takardu da ya buga, na ɗauka na karanta a tsaye, don Turancina na sakandare bai gudu ba. Rubutun da ya aika wa malamarsu ne. Ya rubuta wani saurayi ɗan talakawa da ya baro tsibiri mai ruwan sama, ya zo ƙasar duwatsu, kaɗaici na damunsa, yana yin fito da baki da yamma. Shafi huɗu a kan kaɗaicin Bature. Kaka kuwa layi biyu ta samu, "wata budurwa 'yar ƙasar". A ƙasa malamar ta rubuta cewa abin ya taɓa mata zuciya, 'yan aji kuma sun yi masa maraba da dawowa gida.

Na faɗa masa maganganu a ranar. Na ce shi maras kishin uwa ne. Na ce ya sayar da mutuncin Kaka don tsofaffin Turawa su tafa masa. Na ce mutumin da yake wa kuka ko wasiƙa bai taɓa aikowa ba, kuma in ya je Ailan ɗin da wannan fatar tasa, a filin jirgi za su nuna masa iyakar dangantakar. Na ce shi bai taɓa dambe a kan maganar nan ba, bai taɓa jin an kira shi da sunan da aka kira ni ba, shi ya sa take masa daɗi kamar tatsuniya. Sannan na sa aka kwashe katan ɗina goma sha ɗaya aka kai ofishin wani ɗan Gana a hawa na goma, a gaban kowa, don ya ji zafi. Na kwashe kayan sawata daga Panyu na kama ɗaki a otal.

Kwana biyu ba mu yi magana ba. A na uku ya aiko a ce in zo, akwai saƙo daga gida. Na je ofis bayan la'asar na same shi shi kaɗai. Ya rufe ƙofa, ya ce in zauna, kuma don Allah kada in yi magana. Ya kankare katin waya, ya danna lambobi, ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a tebur. A Jos, inda Umma take, safiya ce.

"Auta," in ji Umma. "Ɗan nema, sai yau? Ya karatun? Ka samo garin nasu kuwa?"

"Ina jin na samo, Umma. A bakin teku yake."

"Ai na faɗa maka. Shi ya sa yake son ruwa. Ya ɗora ni a wuya mu tafi bakin tafkin kuza, ya yi ta jifa da duwatsu suna tsalle a kan ruwa, ni kuma ina riƙe da kunnuwansa. Jajaye, kamar an dafa." Ta yi dariya har da tari. "Waƙar nan fa, malamar taku ta gane ta?"

Sai ta rera. Babu kalmomi, murya ce kawai, tana hawa tana sauka. Umma, wadda ban taɓa jin ta rera ko waƙar talla ba. Ta ce ya tambayar mata ko akwai sauran dangi, ba don komai ba, tana so ta san ko an binne shi a wuri mai kyau. Ta tsokane shi a kan tumbinsa. Ta ba shi labarin akuyar maƙwabta. Na zauna a kujerar roba ina sauraron wata mata mai surutu da ban dariya, wadda ban taɓa haɗuwa da ita ba.

"Umma," ya ce, "ga Yaya nan kusa da ni."



"To," in ji ta. Muryar da na sani ta dawo. "An je lafiya? Ya zafi? To madalla. Allah ya ba da sa'a."

Ba sabon abu ba ne. Kunyar 'yar fari ce, haka aka yi mata tarbiyya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni, in na shiga ɗaki takan sami abin yi a tsakar gida. Ban taɓa jin haushin hakan ba, har alfahari nake yi wai uwata mai alkunya ce. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, shirun da nake gadi ba na zancen Bature ba ne. Ni kaɗai ake yi wa shi.

Da ya kashe wayar na tambaye shi tun yaushe.

"Tun ina firamare. In tana tsefe kai nakan zauna kusa da ita."

"Su wa suka sani?"

"Duk mun sani, Yaya. Har matata."

"Aka rasa mai faɗa mini."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da katin wayar. "Ita ta hana. Ta ce ke ta Kaka ce, abin da Kaka ta ba ki shi za ki riƙe."

Na tsane shi a wannan lokacin, tsana ta gaske, fiye da ranar Alhajin Maraɗi. Ya san abin da zan ji, ya zaunar da ni, ya rufe ƙofa. Yana iya faɗa mini da baki in ƙaryata shi, mu ci gaba da faɗanmu. Sai ya zaɓi in ji da kunnena, don ya ci gardama.

Maganar ta isa Kano kafin ni, kamar yadda na yi tsoro. Aka yi ta mako biyu, sannan aka samu wani ya gudu da kontenar mutane, aka koma kansa. Da maganar ta isa Jos, an ce Umma cewa ta yi ai ba ƙarya aka yi ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Da na koma gida na je gaishe ta, na kai mata jaka mai kyau daga Shiling. A mota na shirya abin da zan ce: in tambaye ta sunansa, ko in ce ta rera mini waƙar. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ta juya jakar, ta yaba ɗinkin, ta sa albarka. Na buɗe baki ke nan ta miƙe, ta ce bari ta duba ko an ɗora mini ruwan wanka.