Ranar da Akori-kurar Baffa Ta Ja Motar Alhaji

Baffana, ƙanin mahaifina, yana da wata tsohuwar akori-kura fara da ya saya tun ina firamare. Har na yi aure na haifi 'ya'ya tana nan tana aiki. Da ita yake kwaso tattasai da shinkafa daga fadama zuwa kasuwar Haɗeja, ni ma da na fara noman rani a wajen Kirikasamma, ita ce ta zama ƙafata.

Baffa yana da amini, wani Alhaji Babarbare mai fataucin bandar kifi. Mu kuwa asalinmu Fulani ne, saboda haka ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Da Alhaji ya sayi baƙar mota mai sanyi a ciki, sai ya daina kiran motar Baffa da sunanta. Gwangwani yake ce mata.

Wata ranar bazara muna gona muna loda buhunan tattasai, wayar Baffa ta yi ƙara. Ya saurara, sai na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ashe Alhaji ne ya je Baturiya sayen kifi wurin masunta, a kan hanyar dawowa motar ta mutu ta ƙi tashi.

"Ban ji ba," in ji Baffa. "Wace mota kake so ta zo ta ja ka? Faɗi sunanta."

Sai da Alhaji ya ce akori-kura da bakinsa, sannan Baffa ya ɗauko igiya.

Muka yanke ta wani burtali da ke bin gefen ruwa. Kacala ta cika wurin, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana magudanai, kawunanta sun bushe suna fashewa, wani farin abu kamar auduga yana tashi duk inda muka ratsa. Muka tarar da Alhaji a gindin tsamiya yana fifita da hularsa. Baffa ya ɗaure igiya, ya ce masa ya fitar da giya ya riƙe sitiyari kawai, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba na ga allurar zafi tana hawa. Na nuna wa Baffa. Ya ce ya gani. Da ta kusa jan layi ya gangara gefe, ya bar injin yana aiki a tsaye na ɗan lokaci kafin ya kashe.

Alhaji ya fito yana tafa hannu. "Gwangwani ya tafasa! Ɗan Fulani, kawo ganyen shayi mu zuba."

Na buɗe murfin inji, na kai hannu zan kwance marfin lagireto, Baffa ya buge min hannu.

"So kake ka koma wa matarka da fuska a saɓule? Bari ta huce."

Muna jira sai ya sa Alhaji ya buɗe bayan motarsa, wai ubangida ba ya aiki da yunwa. Muka zauna a inuwa muka ci bandar tarwaɗa da yajin da Alhaji ke yawo da shi a leda. Ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba, wataƙila don mai shi yana ta ƙunƙuni ne muna ci.

Da injin ya huce, Baffa ya naɗe hannu da tsumma ya kwance marfin a hankali. Ruwa ya ragu kaɗan, ba sosai ba. Ya sa na leƙa ƙarƙashi in ga ko akwai ɗiga, ƙasa a bushe take. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, ba tsaga. Ya danna bel ɗin fanka da yatsa, bai saki ba. Sannan ya zaro sandar duba mai ya kalle ta a rana. Ya ce min idan man ya koma kalar shayi da madara, to ruwa ya shiga inji, tafiyarmu ta ƙare. Man baƙi ne wuluk kamar yadda ya saba. Ya ce alhamdulillahi.

Ni ne na sunkuya ta gaba na leƙa ta cikin raga. Gaban lagireto ya yi fari fat, audugar kacala ta liƙe shi kamar an shimfiɗa bargo, iska ba ta da hanyar shiga. Muka kakkaɓe da kara da tsohon buroshi, muka ɗebo ruwa a jarka muka watsa ta baya har ramukan suka buɗe. Baffa ya cika lagireto, muka tashi, yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Allurar ta sauka, ta zauna a tsakiya. Muna hawa kan kwalta sai ta sake miƙewa. Motar kuma tana nishi, Baffa ya kasa wuce giya ta biyu.

"Wannan ba halinta ba ne," ya ce. "Na ja tarakta da ita daga taɓo ba ta yi min haka ba."

Muka sake tsayawa. Wannan karon bai taɓa murfin inji ba. Ya tsaya yana shaƙar iska, ni ma na ji, wani ƙauri ne kamar an ƙona roba, kuma ba daga gabanmu yake fitowa ba. Baffa ya bi igiya har motar Alhaji, ya kai bayan hannunsa kusa da tayar baya, ya janye da sauri. Ya leƙa ta taga.

"Babarbare, mene ne wannan a ɗage?"

"Birkin hannu ne," in ji Alhaji. "Rabi kawai na ja. Idan ka tsaya farat ɗaya fa? In bari sabuwar mota ta doki gwangwani?"

Tun daga gindin tsamiya muke jan mota da birki a ɗaure, ga buhunan tattasai, ga kifi, ga Alhaji da ba ƙaramin mutum ba. Baffa ya yi dariya har sai da ya dafa bishiya. Wasu mata da ke dawowa daga ɗibar ruwa suka tsaya kallo, ya kira su ya ba su labari tun daga farko, Alhaji yana cewa su wuce abinsu, Bafillace ne, rana ta taɓa shi.

Aka yanke cewa ni zan riƙe sitiyarin baƙar mota, Alhaji ya koma gaba kusa da Baffa. Na sauke birkin, muka jira ƙafafun suka huce. Da muka tashi, akori-kura ta tafi sumul, ina hango hannun Baffa ta taga yana min alamar allura ta zauna.

Alhaji ya roƙi a bi ta bayan gari. Baffa ya bi ta bakin kasuwa, ta gaban rumfar masu kifi, yana danna oda a hankali yana amsa gaisuwa. Da muka isa garejin makaniki, Alhaji ya nemi fita, ƙofar ta ƙi buɗuwa, don ta waje kawai take buɗewa. Baffa ya zagayo a natse, ya gaisa da makaniki, ya tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya buɗe masa.

Makanikin ya duba baƙar motar, ya ce abin da ya kashe ta wata 'yar waya ce da ta kwance a kan batir, ya ɗaure ta nan take ta tashi. Birkin baya kuwa ya cinye, sai an canza. Alhaji ya bar motar ta kwana a gareji, ya ɗauki kwalin kifi guda ya ce in kai wa Goggo, matar Baffa, amma in gaya mata kada ta ɗanɗana wa mijinta.