Gurasar Garwashi a Bayan Mangala

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba nake bin surukina fatauci. Shi ne madugu, muna ɗauko taba a jakuna daga Bungudu mu kai Tsafe. Ban daɗe da auren 'yarsa ba, kuma a wajenmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ni kuwa ba na wasa da ƙa'ida.

Wata rana da la'asar muka yada zango a gindin tsamiya, bayan mun wuce Gusau. Fura ta ƙare, sai ɗan garin alkama. Tun safe ban sa komai a bakina ba, domin duk inda na juya tsohon yana nan.

Na ce a bar mini aikin. Da farko na bar wuta ta ci har ta koma garwashi. Sannan na kwaɓa garin da ruwa da gishiri da ɗan man shanu, na yanka ƙanana, na daddanna su da tafin hannu, na jera a kan tsingaron tukunya bisa garwashin. Ƙanen matata, da ke cikin ayarin, ya ce sun gasu. Na ce sai an juya, kuma sai bayan ya yi ja kamar cikin. Haka ake yi. Da na sauke, ya ɗauki guda ya buga a gindin tsamiya, ta dawo masa lafiya lau.

Surukina ya jiƙa tasa a ƙoƙo yana jira ta yi laushi. Na ɗebi nawa na zagaya bayan mangaloli inda jakuna suke, na tsuguna, na yi bisimilla, na gatsa.

Ƙarar ta kai har gindin tsamiya.

"Wane jaki na ka cin kaya?" in ji tsohon.

Na tsaya cak. Da na ji shiru, na sake taunawa a hankali. Ƙurus.

"Wanga baƙin jaki ne, na san halinai. Miƙo min sanda."

Ƙanen matata ya san sarai ko wane ne, amma ya miƙa masa, har da cewa, "Baba, ka buga da kyau, ya cika ci."

Na ji takun tsohon. In na tofar, na wulaƙanta abinci. In na haɗiye, sai ta tsaga mini maƙogwaro. Na miƙe tsaye, kumatu cike, na harɗe hannuwa a baya.

Ya dube ni, ya dubi baƙin jakin da ke tsaye bai san hawa ba, bai san sauka ba. Ya ce, "Malam, kai ma shi ka zo kamawa?"

Na gyaɗa kai.

Ya ɗaga sanda ya sharɓa wa jakin guda ɗaya a cinya. Ya ce in tsaya nan in tsare shi, kuma kada in dawo sai ƙarar nan ta ƙare gaba ɗaya. Ya juya ya tafi.

Na koma na tsuguna na cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe na ba jakin, ya shinshina ya ƙi.