Bindigar Maigida a Hanyar Hufuf

Mun tashi daga unguwar Malaz ta Riyad ana fitowa daga sallar asuba, mu uku a doguwar motar maigidana. Shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, ɗan kwangila ne, shekara biyu ke nan ina tuƙa shi. Ƙanensa zai aurar da ɗa a Hufuf, sai ya ce in kai motar a ɗauki amarya da ita, shi aiki ya riƙe shi a unguwar Ulaya. Ya ba ni takardar izinin tafiya da hatiminsa. Na ɗauki wani ɗalibin Shari'a ɗan Damagaram da muke kira Malam, da wani dattijo birkila Basakkwace da za shi duba ɗan'uwansa, shi kuma Baba muke ce masa. Ni abin da ke raina ɗaya ne: in je in dawo lafiya da igamata, takardar izinin zama, a aljihu, domin maigida ya yi mini alkawarin bana zai taimaka in kawo mahaifiyata aikin hajji.

Fita daga Riyad ma aiki ce. Titin da ka bi makon jiya, yau an haƙe shi. Ko'ina ƙarafunan gini ne da buhunan siminti, Yamalawa da Koriyawa sun riga rana fitowa. Baba yana nuna mana benaye yana cewa wannan da hannunsa a ciki, wancan ma haka, har Malam ya tambaye shi ko akwai wanda ya bar wa Koriyawa. Muka cika tanki a bakin gari. Har yanzu ban saba da ƙasar da fetur ya fi ruwan kwalba araha ba.

Hanyar siririya ce, mota ɗaya zuwa ɗaya dawowa, manyan motocin siminti kuma ba sa kauce wa kowa. Da hantsi muka shiga jan yashin nan na Dahna, ba itace ba gida, sai raƙuma da gawarwakin motoci a gefen hanya. Kusa da Khurais muka hango wutar rijiyoyin mai tana ci da rana tsaka, ba wanda ke girki a kanta. Baba ya ce wannan almubazzaranci ne. Muka tsaya a rumfar wani Bayamale muka ci gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, muka sha shayi mai zaƙi kamar an narka alewa.

A nan ne Malam ya ce akwai shingen askarawa a gaba, gara mu tabbata istimara, wato takardar rajistar mota, tana nan. Ya kai hannu ga ɗan akwatin gaban mota. Ni fa shekara biyu ban taɓa buɗe shi ba. Mu yadda aka rene mu, ba ka buɗe akwatin babba, kamar ka sa hannu a aljihun ubanka ne. Kuma in maigida yana mota ba a taɓa tambayarmu takarda ba. Malam ya buɗe, ya ɗaga wani jan rawani, ya sake shi kamar ya taɓa kunama. Ƙaramar bindiga ce, fistol, baƙa wuluk, kwance a kan takardun.

Na ja da baya. Abin da ya fara faɗo mini shi ne mahaifiyata da ta riga ta gaya wa duk unguwa za ta Makka.

"Direba, taka ce?" in ji Baba.

"Baba, ni da ko kaza ban iya yankawa ba?"

Nan muka buɗe majalisa, mutum uku ra'ayi huɗu. Malam ya ce ya ji lasisin bindiga mutum yake bi, ba mota ba, tunda mai ita ba ya nan to laifi a wuyan wanda ke riƙe da sitiyari. Baba ya ce a'a, mota kamar ɗakin mutum ce, abin da ke ciki na mai ɗakin ne. Ni kuma na taɓa jin cewa baƙo ko harsashi ɗaya aka gani a wurinsa, jirgi ne kawai, ba ko sallama. Sai Malam ya sake tunani ya ce wataƙila in ba harsashi a ciki ba laifi. Amma wa zai duba? Cikinmu ba wanda ya san ta inda ake buɗe ta.

Baba ya ce mu jefar da ita. Malam ya ce amana ce, in ta ɓata sunanmu ɓarayi, kuma mun san hukuncin sata a ƙasar nan. Kowa ya dubi hannunsa. Na ce to mu binne ta mu ɗauka a dawowa. Muka ɗan yi gaba, muka tsaya, muka fita neman alama. Ina alama? Tudun yashi ɗaya ne aka yi dubunsa. Muna cikin haka wani tsohon Badawi, Balaraben daji, ya tsaya da akori-kurarsa, ya zaci mota ce ta lalace. A bayan kansa, jikin gilashi, ga doguwar bindiga rataye a fili, kowa na gani. Malam ya yi masa bayani da Larabcin littafi. Tsohon ya saurara, ya yi dariya, ya ce ai ta kafilinku ce, mene ne abin damuwa, ya ba mu dabino ya wuce. Kanmu ya ƙara ɗaurewa. Ƙarshe muka yanke mu bar ta daidai yadda muka same ta, domin Malam ya ce da zarar mun canza mata wuri mun nuna mun mallake ta.

Wajen azahar muka iso shingen. Gangunan mai ne guda biyu da tanti da ɗan ɗaki. A nan na tafka wautata. Sabon gida ya motsa: na yi maza na fito daga mota, na nufi askar ɗin ina rusunawa ina gaisuwa, kamar yadda direba ke yi a hanyar Zariya. Su kuwa a nan zama ake yi a miƙo takarda ta taga. Motoci biyu da ke gabanmu ko kallonsu bai yi ba, amma ganin ƙato ya fito yana durƙuso sai ya gyara tsayuwa. Ya karɓi igama, ya karɓi takardar izini, sannan ya ce istimara.

Na koma mota, yana biye da ni. Kafin in taɓa akwatin, Malam ya leƙo ya ce wa askar ɗin, "Ya ɗan'uwa, akwai amana a ciki, ba tamu ba ce, gara ka buɗe da kanka."

Ya buɗe. Ya ce mamnu'u, wato haramun, ya maimaita har sau uku, ya tattara igamominmu ya sa a aljihu. Ganin igamata ta shiga aljihun wani, wallahi sai da na ji hawaye. Aka kai mu tanti. Babbansu ya zo, ya juya bindigar, ya zare harsasai, ya ce ba haramun ba ce in akwai lasisi. Na ji sanyi. Sai ya ce amma lasisin sai yana tare da ita. Wani na ukunsu da ke zuba gahawa ya ce ko lasisin yana nan ba ya aiki a hannun baƙo. Suka shiga gardama a tsakaninsu, irin wadda muka yi a rumfar Bayamale, sai dai su da kaki.

Ban san ko kamammu ne mu ko baƙi ba. An hana mu tafiya, amma an kawo mana kabsa, shinkafarsu da nama, a faranti ɗaya da su. Da aka tashi salla suka ji karatun Malam, sai suka tura shi gaba. Baba ya raɗa mini cewa bai taɓa ganin inda fursuna ke yi wa masu tsaronsa limanci ba.

Da la'asar ƙanen maigida ya iso, bayan sun aika masa ta rediyonsu. Bai zo da takarda ko ɗaya ba. Ya rungumi babban, suka tambayi juna dangi, suka sha gahawa, aka miƙa masa bindigar. Ni kuma aka kawo mini wata takarda na dangwala yatsa. Malam ya ce alkawari ne ba zan sake ba. Na ce ba zan sake me ba? Ya ce takardar ba ta faɗa ba.

Kwana uku muka yi a Hufuf. Gari ne mai ruwa da inuwa, dabinonsu yana narkewa a baki, kasuwarsu a rufe take da rumfa, masu ɗinkin alkyabba suna zaune layi-layi. An yi biki, an ɗauki amarya, an harba bindigogi sama har da tamu, ni dai ina can bayan mota. Da za mu dawo, ƙanen maigida ya biyo mu. Ya mayar da bindigar akwatin nan, a kan takardun nan. A shingen nan, askar ɗin nan ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Mun shigo Malaz da yamma. Na ba maigida labari tun daga farko. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya manta da ita ne, ya ce maganar hajji tana nan. Na tambaye shi, don Allah mece ce dokar? Ya ce in dai yana cikin motar ba ruwana.

To abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma shi kaɗai na kama: na tambayi ɗalibin Shari'a, da Badawi, da askarawa uku, da mai bindigar kansa, ban sami biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba. Bindiga tana nan a akwatinta. In yana ciki, tasa ce. In ya fita ya shiga ofis, ban san ta wa ba ce, kuma ni ne na dangwala yatsa. Saboda haka duk inda ya fita ni ma sai in fito, in kulle motar, in tsaya nesa da ita a rana har ya dawo, wani lokaci awa biyu. Abokansa suna yaba masa, wai ya yi sa'ar direba mai ladabi. Ni kuwa hannuna na kan aljihun igamata, ina ƙirga watannin da suka rage kafin jirgin mahaifiyata ya sauka a Jidda.